A RUFE WASIƘA KAFIN TA BAR OFIS

Dattawanmu da suka yi aikin akawu a zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun bar mana wata ɗabi'a wadda ya kamata mu tuna da ita yau. A wancan lokaci wasiƙar ofis ba ta fita haka kawai. Sai an buga ta a tafireta, mai ofis ya sa hannu, a naɗe ta a sa cikin ambulan, a liƙe baki. In maganar mai nauyi ce, a ɗiga jan kaki a danna hatimi. Sa'an nan a rubuta lambarta cikin littafin aike, masinja ya ɗauka, wanda ya karɓa kuma ya sa hannu. In aka tarar hatimi a karye, masinja ya san akwai tambayar da zai amsa. Ba akawun da ya taɓa rubuta lissafin albashin malamai a bayan katin gidan waya, ya manna kan sarki, ya jefa a akwati, don duk wanda katin ya bi ta hannunsa ya karanta.

To, abin da dattawan nan ba su yi ba saboda sanin nauyin amana, shi ne waɗansu ofisoshinmu da makarantunmu su ke yi yau saboda rashin sani. Wasiƙa ta koma imel, tafireta ta koma kwamfuta, amma ambulan da hatimi an bar su a baya, an kuwa manta cewa sabon aikin ma yana da nasa ambulan da nasa hatimi. Ra'ayinmu a kan wannan magana a fili ya ke. Kada wata kwamfuta ta ofishin hukuma ko ta makaranta ta aika da wasiƙa ko ɗaya sai an tabbata hanyar fitarta a kulle ta ke, kuma alhakin tabbatar da haka a wuyan mai ofis ya ke, da akawunsa. Mai gyaran da a ke kirawowa daga gari taimako ya ke yi, amana tamu ce.

YADDA WASIƘAR IMEL TA KE TAFIYA

Da yawa daga cikin akawunanmu suna aiki da manhajar da a ke sa wa kwamfutar tebur musamman don wasiƙu, irin su Outlook na kamfanin Microsoft, da Thunderbird, da Mail na kamfanin Apple. Kowace daga cikinsu hanyoyi biyu ta ke da su, ta shigowa da ta fita. Sa'ad da akawu ya danna maɓallin aikawa, wasiƙarsa ba ta zarce wurin mai karɓa kai tsaye. Manhajar ta kan miƙa ta ga wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ba ofis adireshinsa, wadda ma'aikata ke kira saba. Ita ce matsayin gidan waya na garinku. Daga nan sabar ta nemi sabar mai karɓa ta miƙa mata, kamar yadda gidan waya na Zariya zai tura jaka zuwa gidan waya na Maiduguri. Maganarmu ta yau a kan zangon farko ta ke, watau daga tebur ɗin akawu zuwa gidan waya, gama wannan zango shi ne a hannunmu.

Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna wasiƙa sunanta SMTP. Wani masani Ba'amurke, Jon Postel, shi ya rubuta ta a 1982, shekara 11 bayan Ray Tomlinson ya fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu da alamar @ a 1971. A lokacin nan masu aiki da wannan hanya 'yan kaɗan ne, yawancinsu malaman jami'a da masu bincike, sun kuwa amince da juna. Saboda haka ƙa'idar ba ta tambayi mai aike ko shi wane ne ba, ba ta kuma rufe rubutun ba. Duk wasiƙa ta kan bi ta ƙofa mai lamba 25, a buɗe, kamar katin nan na gidan waya.

Da intanet ta yaɗu, sai maciya amana suka gane wannan rauni. Masu tallan banza da 'yan damfara suka riƙa cusa dubban wasiƙu ta gidajen wayar da ba sa tambaya. Sai masana suka shiga gyara, ɗaya bayan ɗaya. A 1998 aka ware ƙofa mai lamba 587 don mutum ya miƙa wasiƙarsa ga gidan wayarsa, aka bar ta 25 don gidajen waya su yi ma'amala tsakaninsu. A 1999 aka shigo da tambayar suna da kalmar sirri kafin a karɓi wasiƙa, aka kuma shigo da wata dabara mai suna STARTTLS don kulle hanyar. Kullin shi ne TLS, wanda ya gaji SSL na kamfanin Netscape. Aikinsa ya dagula rubutu tun daga kwamfutar mai aike, har ya zama wanda ya tsinci saƙon a hanya ba zai ga kome ba sai tarkacen haruffa, sabar da aka nufa kaɗai ke iya warwarewa. A watan Janairu na 2018 ƙungiyar masanan da ke tsara ƙa'idojin intanet, watau IETF, ta fito da takarda ta ce zamanin miƙa wasiƙa a buɗe ya wuce, ta kuma ba da shawara a fifita ƙofa mai lamba 465, inda a ke kulle hanya tun daga sallama.

Watau dai ambulan da hatimi suna nan, sun fi shekara 25 da samuwa, ba a kuwa biyan ko kwabo a kansu. Abin da ya rage shi ne a sa su.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Gani ya kori ji. A wani rangadi na duba makarantu mun sauka a wata makaranta, wadda ba za mu faɗi sunanta ba, muka tarar da shugabanta cikin damuwa. Waɗansu iyaye sun sami wasiƙa daga ainihin adireshin makarantar, da sunan shugaban a ƙasa, ana cewa an sake asusun biyan kuɗin jarrabawa, a tura kuɗi ga sabuwar lamba. Waɗansu sun tura. Shugaban ya rantse bai rubuta ba, akawu ma ya rantse, aka fara yi wa akawun kallon ɓarawo, shi kuwa magidanci ne da ya daɗe yana aiki ba a taɓa jin kansa ba.

Da aka bi sawu sai ga asalin maganar. Watanni kafin haka kwamfutar ofis ta fara fito da gargaɗi duk sa'ad da za a aika da wasiƙa. Aka kirawo wani yaro mai gyara, ya duba, ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya cire kullin gaba ɗaya. Gargaɗi ya daina fitowa, wasiƙu suka riƙa tafiya, aka gode masa aka sallame shi. Tun daga ran nan, duk sa'ad da akawu ya aika da wasiƙa, sunan asusun makarantar da kalmar sirrinta su kan bi ta na'urar intanet ta ofis a buɗe. Na'urar nan kuwa malamai da manyan ɗalibai da maƙwabta duk sun san lambar shigarta. Wani daga cikin masu hawa kanta ya tsinci kalmar, ya shiga akwatin wasiƙun makaranta, ya kwashi adireshin iyaye, ya yi abin da ya yi. Gargaɗin da ya jawo duk wannan kuwa, dalilinsa wani ɗan batir ne cikin kwamfutar, faɗinsa kamar na kwabo, mai riƙe agogonta in an ɗauke wuta. Ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, shi ya sa kwamfutar ta kasa gaskata takardar shaidar sabar. Da an sake batir an gyara agogo, da shi ke nan.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A lura kuma da wanda ya sha wahala a wannan labari: iyaye talakawa da suka yi asarar kuɗinsu, da akawu mai gaskiya da mutuncinsa ya kusa zubewa.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A DUBA

Kada akawu ya ji tsoron wannan aiki. Wanda ya iya cika fom na albashi zai iya shi. A cikin kowace manhaja akwai wurin tsara asusu, a cikinsa kuma akwai shafin sabar fita, inda za ku ga haruffan nan SMTP. Abubuwa huɗu a ke cikawa.

Na farko, sunan sabar. A rubuta shi daidai yadda kamfanin da ya ba ku adireshi ya ba da shi, harafi bi harafi. Na Gmail, misali, shi ne smtp.gmail.com, na ofisoshin da ke kan Microsoft 365 kuwa smtp.office365.com. Ofis mai adireshin kansa ya nemi sunan a rubuce daga wurin wanda ya ke riƙe masa sabar. Kada a yi kintace, kada kuma a sa jerin lambobi a madadin suna, gama takardar shaidar saba da suna a ke bayar da ita, in sunan bai dace ba gargaɗi zai fito.

Na biyu da na uku tare su ke tafiya, watau lambar ƙofa da irin kulli. In an zaɓi ƙofa 465, kullinta shi ne wanda aka rubuta SSL/TLS. In an zaɓi ƙofa 587, kullinta STARTTLS. In aka haɗa ƙofar wannan da kullin wancan, manhaja za ta tsaya tana jira har ta gaji ta ce ta kasa, a nan ne kuma masu gaggawa su kan ce kulli ne ya hana aiki, su cire shi. Ƙofa 25 a bar wa gidajen waya abinsu, kamfanonin intanet da yawa ma sun toshe ta ga kwamfutocin gida da na ofis saboda masu tallan banza.

Bambancin kullin biyu ya isa a tsaya a kansa. A ƙofa 465 ana kulle hanya kafin a ce uffan. A ƙofa 587 kuwa kwamfuta da saba su kan fara gaisawa a fili, sabar ta ce tana da kulli, sa'an nan a kulle. Wanda ya zauna tsakaninsu yana iya share wannan kalma daga gaisuwar, manhajar da aka gaya wa ta kulle in ta sami hali sai ta ɗauka babu kulli, ta ci gaba a buɗe ba tare da ta gaya wa kowa ba. Wannan ya faru. A 2014 ƙungiyar EFF ta Amurka ta ba da labarin waɗansu kamfanonin intanet a Amurka da Tailan da aka kama suna share kalmar. A 2015 masu bincike na Google da Jami'ar Michigan da ta Illinois suka tarar kashi 96 cikin 100 na wasiƙun da ke fitowa daga Tunisiya zuwa Gmail an cire musu kulli a hanya. A 2021 kuma waɗansu masana a Jamus suka gano kurakurai fiye da 40 a yadda manhajoji da sabobi dabam-dabam ke aiki da STARTTLS. Saboda haka shawararmu ita ce, inda kamfaninku ya buɗe ƙofa 465, ku bi ta. Inda 587 kaɗai ya bayar, kamar yadda Microsoft 365 ke yi, ku bi ta da STARTTLS, ba laifi, amma ku zaɓe shi da sunansa don ya zama tilas. Zaɓin da ke barin manhaja ta yanke wa kanta shawara a guje shi. Zaɓin da ke cewa babu kulli kuwa, wannan shi ne katin gidan waya.

Na huɗu, shaidar mai aike. Lalle a nuna wa manhaja cewa sabar fita tana bukatar suna da kalmar sirri. A tsohon Outlook wani ɗan akwati ne a ke sa wa alama, mantawa da shi kuwa ya kan sa wasiƙu su shigo amma su ƙi fita. Sunan yawanci shi ne cikakken adireshin imel. Manyan kamfanoni yanzu sun ƙara tsanantawa. Tun ran 30 ga Mayu 2022 Google ya hana manhajoji shiga asusun Gmail na mutane da kalmar sirri tsurarta, Microsoft ma ya yi haka ga asusun Outlook.com a watan Satumba na 2024. Hanyar da suka fi so sunanta OAuth2. Manhaja ta kan buɗe shafin kamfanin, mutum ya shiga a can, kamfanin ya ba manhajar wata takardar izini wadda a ke iya sokewa ko yaushe, ita kuwa manhajar ba ta riƙe ainihin kalmar ba. In manhajar tsohuwa ce ba ta san wannan ba, Google yana ba da wata kalma ta musamman mai haruffa 16 don manhaja ɗaya tak, ga wanda ya riga ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

In an gama da hanyar fita, a leƙa ta shigowa, gama yawanci kalmar sirri ɗaya ce ke buɗe duka biyu. Ƙofofinta masu kulli su ne 993 ga IMAP, da 995 ga POP3. Ba amfani a sa wa ƙofar zaure kwaɗo a bar ta bayan gida a hangame.

Bayan haka a gwada. Akawu ya aika wa kansa da wasiƙa, ya buɗe ta, ya nemi wurin da manhaja ke nuna cikakken bayanin kan wasiƙa, inda kowace saba ta buga hatiminta kamar yadda ma'aikatan gidan waya ke bugawa a kan ambulan. A hatimin farko, na can ƙasa, sabobi da yawa su kan rubuta ESMTPSA. Harafin S na kusa da ƙarshe yana nufin an kulle hanya, harafin A kuma an tambayi suna da kalmar sirri. In ya ga haka, ya yi hamdala.

GARGAƊIN DA A KE DANNEWA

Kulli ba shi da amfani in ɓarawo ka miƙa wa akwatin. Shi ya sa kowace saba ta ke nuna takardar shaida, wadda wata hukuma amintacciya ta sa wa hannu, mai tabbatar da cewa ita ce mai wannan suna. In manhaja ta ce ba ta yarda da takardar ba, yawanci dalili ɗaya ne cikin huɗu. Ko an rubuta sunan sabar ba daidai ba, ko agogon kwamfuta ya ɓace, ko wa'adin takardar ya ƙare mai riƙe sabar bai sabunta ba, ko kuwa da gaske wani ya shiga tsakani yana kwaikwayon gidan wayarku. Biyun farko akawu zai iya gyarawa da kansa cikin minti biyar. Na uku a rubuta wa mai riƙe sabar, ba shi kuwa da uzurin kuɗi, gama tun 2015 wata hukuma mai suna Let's Encrypt ta ke ba da irin takardun nan kyauta. Na huɗu shi ne abin da aka yi gargaɗin dominsa. Akawun da ya saba danna maɓallin yarda ba tare da karatu ba, ran da na huɗun ya zo ma haka zai danna.

MASU CEWA BA DOLE BA NE

Mun ji hujjojin da a kan kawo, ya kamata kuma mu amsa su da adalci.

Waɗansu su kan ce, "Mu me mu ke da shi na asiri? Sanarwar taro ce da jadawalin hutu." To, su buɗe akwatin wasiƙun da suka aika cikin wata ɗaya su duba. Za su tarar da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki, da sakamakon jarrabawar yara, da takardar likita ta malamar da ta nemi hutu, da rahoton ladabtarwa a kan wani, wataƙila har da tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna. Ko da a ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kalmar sirrin kanta ita ce babbar dukiya, gama wanda ya same ta ya sami hatimin ofis. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2023 kaɗai asarar da aka kai mata ƙara a kanta ta hanyar damfara da imel na ofisoshi da kamfanoni ta kai wajen dala biliyan 2.9. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Waɗansu kuma su ce intanet ɗinmu ba ta da ƙarfi, kulli zai ƙara mata nauyi. Abin da kulli ke ƙarawa 'yar gajeriyar musayar gaisuwa ce a farkon haɗuwa, hoto ɗaya da a ke maƙala wa wasiƙa ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi, watau tsufan kayan aiki. Gaskiya ne, shi ma kulli yana tsufa. An gano babban rauni a SSL 3.0 a 2014, aka hana aiki da shi a 2015. TLS 1.0 da 1.1 aka ajiye su a 2021. Waɗanda a ke amincewa da su su ne TLS 1.2 na 2008 da TLS 1.3 na 2018. Kwamfutar da har yanzu ta ke kan Windows XP, wanda Microsoft ya daina kula da shi a 2014, tsohon Outlook ɗinta ba zai iya sabon kulli ba, saba ta gari kuwa za ta ƙi shi. Windows 7 ma an daina kula da shi tun Janairu 2020. Mun san ba kowace ƙaramar hukuma ce za ta sayi sababbin kwamfutoci gobe ba. Amma Thunderbird kyauta ne, yana kuwa tafiya a kan Linux, wanda shi ma kyauta ne, ya kan kuma rayar da kwamfutocin da aka fid da rai da su. In duk wannan ya gagara, a aika da wasiƙar ta shafin kamfanin a wata na'ura ta zamani, a bar tsohuwar ta yi aikin tafireta. Cire kulli don tsohuwar na'ura ta ji daɗi ba ya cikin mafita.

Sa'an nan akwai doka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa asirin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da hukumomin gwamnati, nauyin ɗaukar matakan tsare su. Ofishin da ke aika sunayen ma'aikata da albashinsu a buɗe, alhali kulli yana nan kyauta, da wuya ya ce ya sauke wannan nauyi.

IYAKAR KULLIN

Kada kuma mu yi alkawarin abin da ba haka ba. Kullin da muka bayyana zangon farko ya ke tsarewa. In wasiƙa ta isa saba ana buɗe ta, masu riƙe sabar suna da ikon ganinta, tafiyarta zuwa sabar mai karɓa kuwa ta dogara ga tsarin gidajen wayar biyu. Wanda ya ke so wasiƙa ta zauna a rufe har hannun mai karɓa sai ya nemi wani kulli na biyu, irin PGP wanda Phil Zimmermann ya fitar a 1991, wanda Thunderbird ya sa irinsa a jikinsa tun 2020, ko kuwa S/MIME da Outlook ya sani. Wannan ya fi dacewa da takardu irin na tambayoyin jarrabawa. Haka kuma ba kullin da zai ceci wanda ya rubuta kalmar sirri a takarda ya manna a jikin kwamfuta, ko ya buga ta a shagon intanet na kasuwa, ko ya aika wa wanda ya rubuto da sunan banki yana nemanta, ko ya tura wasiƙa ga adireshin da ba shi aka nufa ba. Ambulan ma bai taɓa hana masinja mai surutu faɗin abin da ya ji a ofis ba, amma ba wanda ya daina liƙe ambulan saboda haka.

SHAWARARMU

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, da sakatarorin ilmi, da shugabannin makarantu, su yi abubuwa kaɗan waɗanda ba sa cin kuɗi. Kowane mai ofis ya zauna da akawunsa cikin makon nan su buɗe shafin sabar fita su duba abubuwan nan huɗu tare. A rubuta sunan saba da lambar ƙofa da irin kulli a takarda a sa cikin fayil, ban da kalmar sirri, don in an sake kwamfuta ko an sake akawu kada a koma kintace. Duk mai gyaran da ya taɓa na'urar ofis, a sake dubawa a gabansa kafin a biya shi. In aka tarar an taɓa aiki babu kulli ko da kwana ɗaya ne, a sake kalmar sirri nan take, haka kuma duk sa'ad da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, kamar yadda a ke karɓar mabuɗan ofis daga hannunsa. Aikin hukuma kuma a yi shi da adireshin hukuma, irin mai ƙarewa da gov.ng, don kada takardun jama'a su bi ma'aikaci gida ran da ya yi ritaya.

Kwalejojin horon malamai su ma suna da nasu rabo. Ana koya wa ɗalibai buga rubutu da zana jadawali a kwamfuta, darasi ɗaya na awa guda ya isa a koya musu wannan. Malamin da ya fita yau shi ne shugaban makaranta na gobe, a hannunsa kuma asirin ɗaruruwan yara da iyayensu zai kasance.

Ku akawuna da malamai, mutane sun ba ku sunayensu da lambobinsu da labarin rashin lafiyarsu, ba don sun so ba, sai don aikin hukuma ya tilasta musu. Ba su san ƙofa 465 ba, ba kuwa aikinsu ba ne su sani. Ku ne ke zaune gaban na'urar. Rigakafi ya fi magani, wannan rigakafi kuwa minti goma ne. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.